Kawu, in saya yanzu ko in jira?

Daren Alhamis na makon jiya, ina cikin ja wa shago ƙofa, ɗan yayata ya kira ni daga garin da aka tura shi bautar ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi jikin Hajiya, sannan ya shiga abin da ya sa ya kira. "Kawu, kuɗin nan fa sun kai. Amma na kalli wani bidiyo, mutumin yana cewa kada kowa ya sayi laftof yanzu, wai sababbi masu AI, wato ƙirƙirarriyar basira, suna ta fitowa, nan da 'yan watanni tsofaffin za su faɗi warwas. To in saya ne, ko in ɗan jira?"

Na san yadda yaron nan ya tara kuɗinsa. Alawus ɗin da gwamnati ta mayar naira dubu 77 a 2025 shi yake gutsura duk wata yana tura wa mahaifiyarsa ta ajiye masa, ga ɗan abin da yake samu wajen koyar da yara darasin yamma. Rubuta manhaja yake son ya koya. Wata bakwai ke nan a waya yake kallon darasi, yana kwafe abin da ya gani a littafi da biro, don ba shi da inda zai gwada. Na ce masa ya taho ran Asabar mu shiga kasuwa tare. Da na ajiye wayar sai na zauna a bencin ƙofar shago na jima, domin ni ma na taɓa yi wa kaina tambayar nan, kuma amsar da na ba kaina ta ci mini shekara guda cur.

Sana'ata buga takardu, zanen katin biki, da tace bidiyon biki. A watan Janairun 2023 ina da kuɗi a hannu, ribar bukukuwan ƙarshen shekara. Kwamfutar da nake aiki da ita a lokacin tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta Core i5 ce ta kamfanin Intel, 'yar zubi na huɗu. In na haɗa bidiyon kamu da na dina na awa biyu, na danna ta fitar, sai dai in je in kwanta, da asuba in zo in duba ko ta gama ko ta tsaya a hanya. Na shiga kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano na ga wata 'yar zubi na sha ɗaya mai katin hoto na kamfanin Nvidia, muka yi ciniki da mai ita har muka daidaita. Kuɗina sun isa, da ragowar na jaka da linzami.

Ban saya ba. A watan ne Intel ya sanar da zubi na sha uku na laftof, Nvidia kuma ya ce katinsa na RTX 40 zai shigo laftof a watan Fabrairu. Duk masu sharhin da nake bi a YouTube bakinsu ɗaya: a dakata, da zarar sababbin sun cika kasuwa na baya za su sauko. Ga shi kuma lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi wuya, tura kuɗi ta banki yana maƙalewa, sai na ce a raina ai ko ba komai gara ƙura ta lafa.

Masu sharhin nan ba ƙarya suka yi ba. A Amurka farashin ya sauko kamar yadda suka ce. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, su da dala suke karɓar albashi, da dala suke saye, ni kuwa naira ce a asusuna. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a wurin 'yan canji na Wapa. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage. Da na koma wurin mai shagon nan, irin kwamfutar tana nan a kan kanta. Bai ce mini komai ba, ya danna kalkuleta ya juyo mini da ita. A dala ta ragu, a naira ta ninka har da ɗori. Kuɗin da na rungume shekara guda ko rabinta ba su kai ba.

Wannan asarar ma ita ce wadda ake iya lissafawa. Ɗayar ta fi yi mini ciwo. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tsohuwar kwamfutata kuma batirinta ya mutu tuntuni, dole janareta ya kwana yana ruri in ana son bidiyo ya fita. Akwai wani gida da na yi wa aikin bikin 'ya'yansu mata biyu, mutanen kirki, ba su taɓa ja mini kuɗi ba. Gab da azumi, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa, na yi musu alkawarin mako guda, aikin ya kai mako uku. Uwar amarya ba ta yi mini faɗa ba, ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka. Da auren autarsu ya tashi, wani suka kira. Har yau in na wuce ta layinsu sai na tuna.

Shi ya sa in wani ya ce mini zai jira, nakan tambaye shi me yake yi da hannunsa a kwanakin jiran. Wanda yake da kwamfuta tana yi masa aiki, sha'awa ce kawai take jan sa ga sabuwa, wannan ya jira shekara biyar ma babu abin da ya rasa. Amma wanda aikinsa ko karatunsa yake tsaye, kowace rana biya yake yi, sai dai ba a ba shi rasit.

Batun "sabuwa tana nan tafe" kuwa, babu ranar da ba gaskiya ba ne. Tun 1965 Gordon Moore, wanda daga baya suka kafa Intel tare da abokinsa, ya lura cewa yawan ƙananan maɓallan da ake cusawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ninkawa duk shekara, a 1975 ya gyara ya ce duk shekara biyu. Saurin ya ragu yanzu, amma kamfanonin sun riga sun ɗora kasuwarsu a kan haka. Kowane Janairu za a taru a Las Vegas a nuna sababbi, kowace kaka Apple zai fito da nasa. Wanda ya ce sai an daina fito da wadda ta fi, zaman jiran gawon shanu zai yi.

Kuma tsohuwar maganar nan ta cewa kayan kwamfuta kullum sauka suke yi, ko a dala ma ba kullum take cika ba. A 2011 ambaliyar ruwa a Tailan ta shanye masana'antun da ke ƙera faifan ajiya, farashinsa ya tashi a duk duniya. A 2020 da 2021, ga korona ga masu haƙar kuɗin kirifto, katin hoto ya zama sai wane da wane. Yanzu kuma ram ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Kamfanoni uku ne suke ƙera mafi yawan ram ɗin duniya, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da suke ƙerawa da tsada. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabi, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu sunan Crucial. Wato AI ɗin da aka ce wa ɗan yayata ya jira don ta karya masa farashi, ita ce take ɗaga shi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, akwai jiran da yake da amfani, na kuma gan shi da idona. A watan Yunin 2020 Apple ya fito fili ya ce zai bar ƙwaƙwalwar Intel ya koma tasa, kuma kafin shekarar ta ƙare za a ga ta farko. Wani abokin sana'ata ya yi haƙurin watannin nan, kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Apple ta farko, M1, ta fito a Nuwamba, daga baya ya samu ya saya. Har yau da ita yake aiki, ba ta zafi, batirinta yana kai shi yini, abin da a garin da wuta ba ta zama ya fi kowane irin sauri daraja. Waɗanda suka sayi Mac mai Intel a tsakanin nan kuwa, Apple ya riga ya faɗa a 2025 cewa macOS Tahoe shi ne tsarin gudanar da kwamfuta na ƙarshe da zai hau kansu. To ka ga shi abokin nawa ya san abin da yake jira, kamfanin ne ya faɗa da bakinsa, an sa lokaci, kuma tsohuwarsa tana riƙe da shi kafin nan. Ni a 2023 ba wani abu takamaimai nake jira ba, araha nake jira, araha kuwa ba ta da ranar zuwa.

Mu da muke sayen na hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, abin da ya kamata ya dame mu yana baya ne ma, ba gaba ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta kamar yadda ya saba, sai wanda ya shiga shirin ƙarin shekara guda, wanda aka sa wa'adinsa a Oktoban 2026. Windows 11 kuma, a ƙa'idarsa, ba ya hawa sai a Intel zubi na takwas zuwa sama, ko ƙwaƙwalwar Ryzen 2000 ta kamfanin AMD zuwa sama, da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshin Turai da Amurka sun sauke waɗanda ba su cika ƙa'idar ba, ina kuma za su nufa in ba kasuwanninmu ba? Za ka ga laftof fes, ko ƙwarzane babu, farashi mai daɗi, har an ɗora mata Windows 11 ta bayan gida, amma 'yar zubi na shida ce ko na bakwai. Za ta yi aiki, ban ce ba za ta yi ba, sai dai babu wanda ya yi maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Ga wani abu kuma: a irin Core i5 ɗin da ake sa wa siraran laftof, zubi na bakwai ƙwaƙwalwa biyu ce a ciki, na takwas huɗu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ta fi wadda ke tsakanin zubi da yawa da suka biyo baya.

Ran Asabar ya iso da hantsi, muka karya, muka tafi. A hanya ya sake ɗauko maganar kwamfutocin AI, waɗanda Microsoft ya sa wa suna Copilot+ a 2024. Na ce masa, "Ɗana, kuɗinka ko kwata ɗin ɗaya daga cikinsu bai kai ba, kuma darasin da kake koya ba ya buƙatar ko ɗaya daga abin da ke cikinsu. Ranar da aikinka ya buƙace ta, aikin ne zai saya maka." Ya yi shiru, ya ce, "Haka ne, Kawu."

Shago na huɗu muka samu abin da nake nema, Lenovo ThinkPad T480. Biyu mai shagon ya ɗora mana a kan kanta, iri ɗaya sak. Na ce wa yaron ya kunna kowacce ya karanta mini lambar da ke bayan i5. Ɗaya 7300U, ɗaya 8350U. Suna ɗaya, riga ɗaya, amma lambar farkon nan ita ce zubin. Muka ture mai bakwai gefe. Na sa shi ya buɗe shafin rubutu ya danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da fuskar fara fat ya duba tabo, ya gwada kowace kafa da filas ɗina, ya shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na asali, ya tabbatar ba a kulle ta da lambar sirri ba. Muka fitar da rahoton batir muka kwatanta abin da yake ɗauka yanzu da abin da yake ɗauka yana sabo. Abin da ya sa nake son wannan samfurin ke nan: batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba, ga gurbin ram biyu da ba a manne ba. Tsohuwa ce, 'yar 2018, ban ɓoye masa ba. Na ce in ya kula da ita za ta kai shi inda zai fara samun kuɗi da ita.

Ram gig takwas ce a ciki da ma'ajiyar SSD mai sauri. Mai shagon ya ce in za a ƙara takwas a ƙara yau, don abin da ya sayo a watan jiya ba haka zai sayo a wata mai zuwa ba. Yaron ya dube ni, yana tunanin ko dabarar 'yan kasuwa ce. Na ce a wannan karon gaskiya ya faɗa. Kuɗinsa suka gaza da kaɗan, na cika masa, na ce bashi ne, ya biya ni da aikinsa na farko. Jaka kuwa na ce ya ɗauki tsohuwata a shago.

Lahadi da yamma ya koma. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare saƙonsa ya shigo da hoton fuskar kwamfutar, ɗakin duhu, an ɗauke musu wuta tun magariba. Ya buɗe littafin nan nasa a gefe yana kwafo darasin watan farko, layi bakwai, kuma ya yi aiki. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, batir saura kashi 64. Gobe zan shiga shafi na biyu."