Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙafar Sadik

A makon jiya na tsaya ne inda muka tare a Anguwar Rogo, bayan Baban Sadik ya samu rumfa a Taminus. Ko gama shirya ɗaki ban yi ba zazzaɓi ya kwantar da Sadik, lokacin yana ɗan shekara huɗu, ga sanyin Jos na Disamba. Da daddare muka kai shi wani kemis. Yaron shagon ya ce allura ta fi saurin aiki. Sadik na ta wutsil-wutsil aka danne shi, aka soka masa a tsakiyar mazaunin hagu.

Na san kukan allura, wannan daban ne. Bai dafe inda aka soka ba, ƙwaurinsa ya kama yana ihu: "Mama, wuta a ƙafata!"

Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ta ƙi. In ya taka, silifas ɗin hagu sai ya suɓuce, yatsun suna jan ƙasa har babban ya ƙuje, shi kuwa ko a jikinsa. Daga baya ya koma ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata. Surukata da ta gani sai ta hau salati: "Shan inna ne, 'yar nan." Maƙwabta kuma suka ce iska ce, kowa da nasa turaren.

A asibitin koyarwa na JUTH, tambayar farko da likita ta yi ita ce: "Maman Sadik, an yi masa allura kwanan nan? A wane ɓangare?" Ta ce ya taka da diddige, ya kasa. Ta shafa auduga a bayan ƙafar, bai ji ba. Ta ce shan inna ƙarfi yake ɗaukewa, ba ya kashe jin taɓawa. Duk da haka sai da aka karɓi bayan gidansa sau biyu don gwaji, haka ake yi wa duk yaron da bai kai shekara 15 ba in gaɓarsa ta saki farat ɗaya. Lokacin ma ba a kai 2020 ba, shekarar da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna.

Likitar ta ɗauki biro ta raba mazaunin gida huɗu, don ta nuna min yadda allura ke iya taɓa jijiya. Jijiyar da ta fi kowace girma a jiki, in ji ta, daga ƙugu take saukowa ta ratsa nan ta bi bayan cinya, ta rabu biyu wajen gwiwa. Reshen da ke ɗaga ƙafa shi ya fi saurin lalacewa. Sama ta waje kaɗai ake soka allura, ƙananan yara kuwa cinya ta fi musu aminci. Ni dai har yau in za a yi wa ɗana allura, idona na kan hannun mai yin ta.

Aka tura mu sashen gashin ƙashi, aka ba shi takalmin roba mai riƙe ƙafa. Jijiya, in ta yarda ta farfaɗo, kusan milimita 1 take yi a rana, wata kuma ba ta dawowa duka.

Baban Sadik bai ce uffan ba har muka iso gida. Yana ajiye mu ya juya babur sai kemis ɗin. Abin da ya faru can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.