Kukar da na dasa a kan tebur

Ni da abokaina muna wasan yaƙi a kan tebur da 'yan sojojin roba masu tsawon milimita 28. Mun gina ganuwar Zazzau da kwali, amma fili ya tsaya fayau. Ina aka taɓa ganin ganuwa ba kuka a gefenta? Sai na ce bari in haɗa kuka da tsamiya.

Tsohuwar wayar lantarki na samo a kasuwar Sabon Gari, na feɗe ta, na murɗe siraran jan ƙarfen kamar mai tufka igiya. Ƙasa na baje saiwoyi, sama na raba rassa. Kuka kuwa sai da na yi ta naɗa mata tishu jiƙe da farin gam har ta yi tumbi. Iskar hunturu ta busar da ita kafin la'asar, fatarta ta yamutse kamar ta gaske.

Ganye ne ya jawo mini magana. Soson tsohuwar katifa na yayyanka, na niƙa da ruwa da koren fenti. Sai ga Umma a bakin ƙofa: "Kai! A injin markaɗena?"

Sabon inji na saya mata. Tsamiyar dai ta sha ganye. Kukar na bar ta tsirara, yadda take da rani.