Wasiƙa Daga Landan: Emma Thompson Da Wanzamin Titin Fleet

'Yan'uwana na gida, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya zafi? Mu nan yayyafi ne ya tsare mu, irin wanda ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Shi ya zaunar da ni a ɗaki ranar Asabar, har na sake kunna bidiyon wasan Sweeney Todd, wanda Emma Thompson ta fito a ciki, da aka ɗauka a Niyok a 2014. Wasan nan na gan shi ido da ido da aka kawo shi Landan a 2015, a zauren Coliseum mai kujeru sama da 2,300, kuma tun lokacin labarinsa yake cina.

Wasunku sun san Emma Thompson a fim ɗin yara na Nanny McPhee. Ni tun Howards End nake bibiyarta, wanda ya ba ta kyautar Oscar. Ta biyun kuwa alƙalaminta ne ya ciyo mata, da ta rubuta fim ɗin Sense and Sensibility. Mutane sun manta cewa a 1985 ta yi wasan waƙa a dandamalin Landan, Me and My Girl, kafin fim ya janye ta daga wasan waƙa kusan shekara talatin.

Turawa suna da wasan kwaikwayon da rabin zancensa ko fiye da waƙa ake yi. Wani lokaci sai a ɗauko tsoho daga ciki a yi shi tsurarsa: ba a gina gida ko titi, makaɗa kuma suna zaune a kan dandamali kowa na ganinsu. Haka aka yi wa Sweeney Todd, wanda Stephen Sondheim ya yi wa kiɗa da baitoci, aka fara nuna shi a 1979. 'Yan wasa suka fito cikin kayan ƙawa, kowa da littafin waƙarsa, suka jeru kamar ɗalibai a gaban malam. Na ce a raina kuɗina sun tafi. Ba a jima ba sai suka yi jifa da littattafan, suka yage kayan jikinsu, aka kife fiyano. Mai shirya wasan, Lonny Price, wayo ya yi mana.

Labarin ba na dare ba ne ga mai tsoro. Wani alƙali ya yi sha'awar matar wanzami, ya ƙulla masa sharri aka kore shi zuwa Ostareliya. Bayan shekara 15 ya dawo da sabon suna, Sweeney Todd, da aska a hannu. Maƙwabciyarsa, Misis Lovett, mai sayar da biredi cushe da nama, ita ta kawo shawarar cewa nama ya yi tsada, ga kuma gawawwaki suna sauka daga shagon aski. Sauran ku ƙarasa da kanku. Sai da na kwana biyu ina kallon mai askina da gefen ido.

Emma ce Misis Lovett, Bryn Terfel kuma, ɗan manomi daga Wales, shi ne wanzamin. Muryarsa kamar tsawa a cikin rijiya. Ta Emma ba ta kama ƙafar tasa ba, kuma ta san haka. Amma ba ta yi gasa da shi ba. Ta ɗauki kowace kalma ta tauna ta, ta yi zance da waƙar kamar mai tallar da ta san hajarta ba ta da kyau amma dole a saya. Tun da babu shago, kayan makaɗa ta mayar kayan aikinta, tana kutsawa tsakaninsu tana takura musu, su kuma suna kiɗa suna danne dariya. A waƙar da ke rufe kashi na farko, inda su biyun suke lissafa ɗanɗanon naman limamin coci da na lauya da na mawaƙi, zauren nan kaf dariya yake. Ni ma na yi, sannan na tuna abin da nake wa dariya, na yi istigfari.

A finafinanmu na Kano mun saba jaruma ta motsa baki, muryar kuma ta wata ce da aka ɗauka a sutudiyo. Ba aibu ba ne, Indiyawa ma haka suke yi. Sai dai a nan na ga abin da ake rasawa. Idan numfashinta ya yanke don ta yi gudu, kana ji. Idan muryar ta ɗan karce, sai ka ji kamar ta matar ce da hayaƙin tanda ya cinye mata maƙogwaro.

Inda ta kashe ni shi ne wurin ƙarya. Misis Lovett ta gaya wa wanzamin cewa matarsa ta sha guba, ba ta gaya masa ta rayu ba. Mabaraciyar da ke yawo a ƙofar shagon tana sambatu, ita ce matar. A ganin farko ban lura ba. Ranar Asabar da na sake kallo, na sa ido a kan fuskar Emma duk lokacin da mabaraciyar ta matso: wasa yana gushewa, sai korar gaggawa, sannan ta juyo da murmushinta kamar ba a yi komai ba. Wanzamin aƙalla an zalunce shi kafin ya zama dodo. Ita kuwa son miji da son ciniki kawai suka kai ta, kuma ita muka fi ƙauna a daren nan. Da ya gano gaskiya ya jefa ta cikin tandarta, matar da ke kusa da ni har cewa ta yi wayyo, da yarensu.

Bidiyon na Niyok gidan talabijin na PBS ne ya nuna shi a 2014. Wanda ya samu ya kalla, amma a bari yara su yi barci tukuna.

A gaida mutanen gida, manya da yara.

Ɗan'uwanku a Landan.