Godiya bayan kare kundina a kan matan da suka mulki Bhopal

Alhamdu lillahi, jiya da la'asar kwamitin jarrabawa ya amince da kundin digirina na uku, kuma tun daga lokacin ban iya amsa kiran kowa ba saboda gajiya, don haka nake roƙon a karɓi wannan rubutu a madadin amsa. Mafi yawanku kun san abin da ya same ni a Indiya, kun kuma san dalilin da ya sa aikin shekara huɗu ya kai shida, ba sai na maimaita ba.

Na je Bhopal, wani birni a tsakiyar Indiya, domin takardun tsohuwar masarautarsa da ke ajiye a reshen ma'adanar tarihi ta ƙasa, inda nake bibiyar yadda mata huɗu suka riƙe sarauta daga 1819, lokacin da Kudsiyya Begum ta karɓi ragama bayan rasuwar mijinta, har zuwa 1926 da Sultan Jahan Begum ta sauka ta bar wa ɗanta. Godiyata ta farko ga dattijon malamin da ya zaunar da ni wata bakwai yana koya mini karanta shikasta, wato rubutun Farisanci mai tsinke-tsinke da magatakardan fada suke yi, wanda duk karatun allona bai hana ni kuka a kansa ba. Ba don shi ba, da babin da na rubuta a kan aikin hajjin Sikandar Begum, ta biyu a cikin matan huɗu, ya tsaya a kan abin da Turawa suka faɗa kawai. Allah Ya jiƙan mahaifansa, Ya sa ilminsa ya cece shi.

Sai Dadi, mai gidan da na yi haya a unguwar Bairagarh da ke Bhopal, wadda na san ba za ta taɓa karanta wannan ba. Mabiyar addinin Hindu ce, kuma tana ƙarama iyayenta suka gudo da ita daga Sindh, yankin da yanzu yake cikin Pakistan, bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, lamarin da na karanta a littattafai da yawa amma ban fahimce shi ba sai a bakinta. A watan Afrilun 2021, cikin azumi, korona ta kwantar da ni a lokacin da babu gado a asibitoci, mutane kuma suna kwana a layin neman tukunyar iskar numfashi. A daren da numfashina ya fi tsananta na fid da rai, na yi ta roƙonta da guntun harshen Hindi da nake ji cewa ta juya ni in fuskanci gabas. Tsohuwar nan ba ta gane nufina ba, sai ta ɗauki sandarta cikin dare ta ƙwanƙwasa ƙofar wani maƙwabci Musulmi, shi ne ya gane alƙibla nake nufi, ya kuma shaida mata cewa a ƙasarsu yamma ake kallo. Ita da jikanta suka ja gadon suka juya shi, sannan ta sa yaron ya nemo karatun Alƙur'ani a wayarsa ya ajiye kusa da kunnena, ta zauna a bakin ƙofa har asuba. Ya Allah, Kai ne Ka ga wannan dare, Ka saka mata da mafificin alheri, Ka shirye ta, Ka tsare zuriyarta, Ka haɗa ta da masu jinƙanta ranar da ƙarfinta ya ƙare.

Na san ba tarbiyyarmu ba ce mace ta yabi mijinta a bainar jama'a, amma yau a gafarce ni. Abban yara ya sayar da filinsa domin kada in bar karatun nan, kuma bai taɓa yi mini gori ba. 'Yar farina, wadda kunya ba za ta bar ni in kama sunanta ba, ita ta riƙe ƙannenta tana da shekara goma sha huɗu. Hajiya kuwa ba ta bar tsayuwar dare ba har na sauka a Kano. Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da baƙin ciki duniya da lahira.

Akwai 'yan'uwan da suka riƙa tambaya wai me tarihin Indiyawa zai tsinana wa matar aure, waɗanda ko gaisuwar jinya ban samu daga gare su ba sa'ad da labari ya iso gida. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na dai lura. Walimar tana nan ranar Asabar bayan sallar la'asar a gidan Hajiya, kuma su ma ana gayyatarsu.