Abin da kwankwasona ya koya mini game da ƙashi

Shekara biyu da suka wuce, bayan na dawo daga Yamai a mota, tafiyar da ta cinye mini yini guda a kan kujera, na wayi gari na kasa sunkuyawa in ɗauki butar alwala. Kwankwaso ya riƙe, har sai da na koma yin salla a zaune. Duk wanda ya zo gaishe ni a gidanmu na Birni shawara ɗaya yake bayarwa, wato in kwanta in huta, na kuwa kwanta kwana 6 ban ga sauƙi ba. Likitan da ya duba ni daga baya, da ya tabbatar babu karaya kuma jijiya ba ta taɓu ba, cewa ya yi: "Malam, kwanciyar nan ita ke ƙara maka ciwo. Tashi ka riƙa takawa."

Sai da na karanta yadda aka gina bayan mutum sannan na yarda da maganarsa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari yake kamawa, 5 a kwankwaso, sauran 9 ɗin kuma suna can ƙasa, inda akasarinsu suke haɗewa idan mutum ya girma. Ta tsakiyarsu laka take bi, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai aiki irin na gammo a kan mai tallar nono, domin shi ke rage nauyin da ke sauka. Wannan faifai kusan ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka yana samun abincinsa ne kamar soso, a matsa ya fitar da ruwa, a saki ya tsotso wani. Shi ya sa mutum yakan fi tsawo da asuba fiye da dare da kimanin santimita 1, kuma shi ya sa doguwar kwanciya da dogon zama ba sa yi masa daɗi.

Shi kansa ƙashi, da muke ɗauka busasshen abu ne, rayayye ne, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo. Tun a 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi ne a inda nauyi ke danna shi, yana kuma raguwa inda aka bar shi banza. Ƴan sama jannati, waɗanda jikinsu ba ya ɗaukar nauyi a can, sukan yi asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu duk wata. Mafi yawan ginin ana gama shi kafin shekara 30, don haka yaron da ke kokawa da ƙwallo a unguwa ajiya yake yi wa tsufansa, kuma yarinya ta fi shi bukatar wannan ajiya, tunda ƙashin mace yana saurin zaizayewa bayan ɗaukewar al'ada.

Wani maƙwabcina ɗan ga-ruwa yakan ce aikinsa ma ai motsa jiki ne. A ganina rabin gaskiya ya faɗa. Ƙashinsa yana samun nauyin da yake so, amma na sha kallonsa yana sunkuyawa da ƙafafu a miƙe, ya fisgi jarka mai lita 20, ya murɗa ƙugu ya ɗora ta a kura, sau da yawa a yini. Da zai lanƙwasa gwiwa ya jawo jarkar kusa da jikinsa, da cinyoyi ne za su ɗauki wahalar a madadin kwankwaso. Dukawa da teloli da ƴan kabu-kabu kuma matsalarsu zama ne a duƙe na awoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ni na raba nawa zuwa tafiyar minti 30 bayan sallar asuba, daga Birni in nufi Zango in dawo kafin rana ta yi zafi, na kuma ƙara yawan nono da miyar kuka saboda sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Amma wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari tare da ciwon baya, wannan ba na tafiya ba ne, asibiti zai nufa a ranar.