Alhamdulillah, jiya na kare kundina

Jama'a ku taya ni godiya ga Allah, jiya na kare kundin digirina na uku, wallahi har yanzu jikina rawa yake.

Masu tsokanata wai shekara huɗu ina kiwon ɓeraye, ga aikin dai. A cutar MS (multiple sclerosis) garkuwar jiki ce ke juyowa kan miyelin, rufin nan da ya nannaɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. A ɓera da allura muke tayar da irinta, EAE ake ce mata, bayan kwana 10 zuwa 14 sai ka ga jela ta saki, daga nan ƙafafun baya su fara jan ƙasa. Abin da ya hana ni barci shi ne ba kowane irin ɓera ke kamuwa daidai da wani ba, irin da ake kira C57BL/6 in aka masa allurar MOG (wani furotin na miyelin) ciwon zama yake ya ƙi tafiya, irin SJL in aka masa allurar PLP (shi ma furotin na miyelin ne) ya kwanta ya miƙe ya sake kwantawa kamar yadda yawancin masu MS suke farawa, irin BALB/c kuwa da ƙyar yake kamuwa. Gado ne ke juya kumburin. A mutum ma nau'in ƙwayar gadon da ake kira HLA-DRB1*15:01 ne kan gaba wajen ƙara haɗarin kamuwa da MS.

Malama, kin jure min, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka. Amma fa godiyata ta musamman ga Anti mai kula da ɗakin dabbobi take. A shekara ta biyu sakamakona ya birkice, wata takwas ina kuka ina zargin hannuna, ita ce rannan tana canza keji ta ɗago katin ta ce ƙanwata zo ki gani, wannan 6N ne ba 6J ba. Ashe wani reshe daban na C57BL/6 aka kawo mana! Kuma ita ce ke jiƙa abinci ta aje a ƙasan keji don waɗanda ƙafa ta shanye su samu ci, ko Lahadi ba ta fashi.

Ƙanena na lab da ya riƙa ba ɓerayen makin tsananin ciwo daga 0 zuwa 5 kullum, lamba kawai yake gani bai san wane ne wane ba, na gode ƙwarai. Umma, addu'arki ce.

Yaya, ke da kike ɗauke da ciwon nan kike kirana ki ce ya ɓerayenki, Allah ya ba ki lafiya. Sunanki ne a shafin farko, zan kawo miki kwafin da kaina.