Roba biyu, suna ɗaya

Talata. Yau aka cire wa Baba robar da aka bari a cikinsa bayan aikin tsakuwar ƙoda, alhamdulillahi, yanzu haka yana tsakar gida yana shan iska da rediyonsa. Ya kamata in kwana da farin ciki, amma ga shi ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce ban runtsa ba.

Da safe sai da aka sha fama. Baba ya ce shi ya warke, ciwon kwiɓi ya tafi, fitsari na fita lafiya, me zai koma yi asibiti cikin wannan zafin. Inna ta yi mini alama da ido. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, likita sati uku ya ce, yau kuma sati uku cif. Robar na jikinku har yanzu." Ya ce, "Wace roba? Ba a gabanka yarinyar nan ta zare ta ba kafin a sallame mu?" Na ce waccan daban, wannan daban. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.

Ga yadda aka yi. Tsakuwa mai milimita 11 ce ta sauko daga ƙodar hagu ta maƙale a siririyar hanyar da ke kai fitsari mafitsara. Likita ya ce da ba ta kai milimita 5 ba, da yawanci ruwa da magani sun isa ta fita da kanta, amma wannan sai an bi ta. Ba a tsaga Baba ko'ina ba. Ta mafitar fitsari aka zura siririyar kyamara har inda tsakuwar take, aka farfasa ta da hasken leza, aka kwaso ɓaraguzan. Da yake hanyar takan kumbura bayan aikin, sai aka bar wata roba a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, don kada fitsari ya toshe. Wadda Baba ya gani an zare kuwa robar fitsari ce ta waje, mai jaka, wadda kowa ya sani.

A kan bencin jira na zauna kusa da wani saurayi, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, riƙe da babban ambulan na hoto. Mahaifinsa na gefe ya jingina da bango, ya rame, idonsa a rufe. Muka gaisa, na yi masa ya mai jiki. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya gyara zama.

"Malam, taku sati nawa?"

Na ce uku.

"Tamu wata goma sha huɗu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya zaro hoton ya ɗaga wajen taga. Ko ni da ban san karatun hoto ba na ga robar, ga lanƙwasarta sama da ƙasa, kowane kai ya yi fari fat kamar an shafe shi da siminti. A wani asibitin aka yi musu aikin bara. Ya ce, "Wallahi an gaya mana akwai roba, za a cire. Washegari nas ta zo ta cire roba a gabanmu. Muka ce to an gama, muka yi godiya, muka koma gida." Bayan watanni tsohon ya fara zazzaɓi, fitsari da jini-jini. Suka yi ta sayen maganin taifot da na ciwon sanyi a kemis, aka haɗa da jiƙo. Sai da ya kasa zuwa gona a daminar nan da ta wuce sannan aka fara neman hoto.

Yanzu an ce musu ba za a iya jan ta haka nan ba, domin tsakuwa ta ginu a jikinta, in aka ja da ƙarfi hanyar na iya yagewa. Sai an bi ta ƙasa an fasa ta cikin mafitsara, sannan a huda bayansa, ƙofa kamar santimita ɗaya, a shiga ƙodar kai tsaye a fasa ta sama. Irin aikin da ake yi wa mai tsakuwar da ta haura santimita 2. Ya ce sun sayar da tumaki biyu, ana cinikin bijimi. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Abin da ya yi ta maimaitawa kawai shi ne, "Da mun san biyu ne."

Irin maganar da Baba ya yi mini da safe ke nan. Bambancinmu da su kawai, ni na iya karanta takardar sallama, na ga an rubuta ranar dawowa da Turanci a can ƙasa, na kuma tsaya na tambayi likita har sau biyu. Ba na jin wani ya yi musu haka da gangan, na ga yawan mutanen da likita ɗaya ke gani kafin azahar. Amma raina ya ɓaci. Abin da ke cikin jiki ba a ganinsa, kuma da Hausa duk roba muke cewa. Me zai hana a ajiye irinta guda ɗaya a aljihun tebur, a ɗora wa ɗan majinyaci a tafin hannu, a ce ga irin wadda muka bari a cikin babanka, ba wadda za a cire gobe ba ce? A rubuta masa ranar da Hausa, da manyan baƙi. Minti biyu ya isa.

Aka kira mu. Cirewar ba ta kai minti goma ba, ko barci ba a sa shi ba, maganin kashe zafi kawai aka matsa. Da aka fito da ita a faranti na roƙi a nuna masa. Siririya kamar taliya, ta ɗan fi taƙi tsawo, kai biyu a nannaɗe. Baba ya ce, "Ashe wannan na cikina? Ikon Allah." Bai ƙara cewa komai ba har muka isa mota.

Likita ya ce ruwa kamar lita 3 a rana, har fitsari ya zama fari-fari. A rage gishiri da dunƙulen miya. Ya ce kusan rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa tana dawo musu cikin shekara goma, musamman a ƙasar zafi irin tamu inda gumi ke kwashe ruwan jiki.

Cunkoso a hanya. Kankana biyu. Auta ta samo goruna ta jera wa Baba a bakin gado, ta ce ita za ta riƙa ƙirgawa.

Da muka fito daga ɗakin, bencin nan wasu ne a kai. Na leƙa baranda, na leƙa wajen biyan kuɗi, ban gan su ba. Ko lambarsa ban karɓa ba, ko sunan garinsu ban tambaya ba. Bayan isha'i Baba ya rage muryar rediyo ya ce, "Yaron nan na ɗazu, yaushe ya ce za a yi wa babansa aikin?" Ashe duk hirar yana ji. Na ce ban tambaya ba. Ya ce gobe in na tashi daga aiki in biya ta asibitin, ko Allah zai sa in dace da su.